Littafi, Waya da Ido: Matakan Bibiyar Alamun Cutar Parkinson a Gida

Idan likita ya tambayi dattijo "Yaya jikin?", an san amsar tun kafin a baro gida: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Amsa ce ta tarbiyya, amma ba a auna magani da ita. Ga shi kuma cutar Parkinson ba ta tsayawa a hali guda ko a wuni ɗaya. Hannun da ya wuni yana rawa jiya sai ya natsu a gaban likita, wanda ya kwana lafiya kuma fargabar asibiti ta tayar da shi. Ganin likita na 'yan mintoci ne, tsakanin wannan zuwa da na gaba kuwa makonni ne ko watanni, kuma abin da ya faru a cikinsu mutanen gida ne kaɗai shaidunsa.

Cutar tana samuwa ne idan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin a cikin ƙwaƙwalwa suka riƙa mutuwa sannu a hankali. Dofamin shi ke sa motsi ya fito ba tare da an tsaya tunaninsa ba. In ya ragu sai jiki ya yi nauyi, gaɓoɓi su sanƙare, wani kuma hannunsa ya kama karkarwa. James Parkinson, wani likita a Landan, shi ya fara bayyana ta dalla-dalla a 1817, kuma cikin mutum 6 da ya yi bayani a kansu, 3 a titi ya gan su. Har yau da kallo da tambaya likitoci suke gane ta, babu gwajin jinin da za a yi a asibiti a ce ga ta nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun haura miliyan 8.5 a 2019. Doguwar tafiya ce: ɗan damben nan Muhammad Ali an gano tasa a 1984, ya rayu da ita har 2016. Saboda haka tsarin da za ku ɗauka ya zama wanda za ku iya riƙewa shekara da shekaru.

Mataki na 1: Ku tabbatar da abin da kuke bibiya

Ba kowace rawar hannu ce Parkinson ba, kuma akwai masu Parkinson da hannunsu bai taɓa rawa ba. Yawan goro da shayi mai kauri suna sa karkarwa. Haka faɗuwar sukari ga mai ciwon sukari, da ciwon tayirod wanda wani lokaci yake zuwa da maƙoƙo, da abin shaƙar masu asma irin Ventolin. Akwai kuma wata karkarwa ta gado da ke kama hannu biyu, wani lokaci har da kai da murya, wadda take tashi idan an ɗauki kofi ko cokali. Ita daban ce, maganinta ma daban.

Abin da ya fi yaudara shi ne magunguna. Maganin amai metoclopramide, wanda aka fi sani da Plasil ko Maxolon, da Stemetil da Stugeron na jiri, da magungunan taɓin hankali irin haloperidol da Largactil, duk suna iya jawo alamun da ba a rabe su da Parkinson da ido. Wanda ya daɗe yana sayen irinsu a kyamis ba da takardar likita ba, wataƙila matsalarsa tana cikin aljihunsa. Ku tattara duk abin da mara lafiya yake sha a leda guda, na asibiti da na gargajiya, ku tafi da shi. Kada ku dakatar da maganin da likita ya rubuta da kanku.

A nan Gombe, ku fara da asibitin da ke kusa da ku ko Asibitin Ƙwararru na Jiha, ku nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka. Idan mutumin manomi ne da ya daɗe yana feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, ku faɗa wa likita, don bincike ya alaƙanta wasunsu, irin paraquat, da ƙarin haɗarin cutar. Za ku ji masu cewa tsufa ne kawai, wasu su ce sammu ne ko iska. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Jinkiri ne ke cin shekarun da magani ya fi yi wa mutum aiki.

Mataki na 2: Kayan aiki da mai riƙe su

Littafin makaranta guda, biro, waya mai kyamara, kujera mai ƙarfi mai majingina da wurin ɗora hannu, da igiya da aka auna mita 3. Shi ke nan. Akwai agogunan hannu da manhajojin waya da ke auna karkarwa, wanda yake da hali ya saya, amma ba su ne za su gaya wa likita cewa Baffa ya daina saka riga mai maɓalli ba.

Mutum ɗaya ya riƙe littafin, kuma ya zama wanda ke kwana a gidan. Ɗan da ke Abuja yana iya biyan kuɗin magani, amma jikar da ke kawo ruwan alwala kullum ta fi shi ganin canji. Kafin komai a nemi yardar mai jikin. Dattijon da ya saba a tsuguna a gaishe shi ba zai ji daɗin a riƙa ba shi umarni yana ɗaga hannu yana saukewa ba. A yi masa bayani: "Baffa, likita ne ya ce mu riƙa rubutawa, don ya san ko maganin yana yi muku aiki." A yi a ɗaki, ba a gaban baƙi ko yara ba. Bidiyon da aka ɗauka na likita ne. Kada ya shiga zauren WhatsApp na dangi.

Aiki iri biyu ne. Kullum, layi ɗaya ko biyu na abin da aka gani. Sau ɗaya a mako kuma, gwaje-gwajen da ke tafe, waɗanda ba sa wuce minti 10. Ku tsayar da rana da lokaci, misali Asabar da hantsi, kuma tazarar da ke tsakanin shan magani da gwajin ta zama iri ɗaya kowane mako. In ba haka ba za ku kwatanta abin da bai kwatantu ba. Gwaji kullum ba shi da amfani: cutar ba ta sauri haka, abin da zai ƙaru kawai shi ne fargaba.

Mataki na 3: Karkarwa

Karkarwar Parkinson ta hutu ce. Tana fitowa idan hannu yana ajiye ba ya komai, ta lafa idan an miƙa shi za a ɗauki abu, ta ɓace a barci. Yawanci gefe ɗaya take farawa, kuma babban yatsa yakan riƙa gogar manuniya kamar mai jan carbi. Tana iya kama ƙafa ko haɓa.

Mara lafiya ya zauna ya ɗora hannuwa a cinya, ya sake su. Ku ɗauki bidiyo na sakan 30. Wanda ya san ana kallonsa yakan danne rawar ba da saninsa ba, don haka ku ɗauke masa hankali: ya lissafo ƙananan hukumomi 11 na jihar, daga Akko zuwa Yamaltu Deba, ko ya ƙirgo daga 20 zuwa 1. A nan ɓoyayyar karkarwa take fitowa. Daga nan ya miƙe hannu biyu gaba na ɗan lokaci, sannan ya kai kofi mai rabin ruwa bakinsa. Ku rubuta wane gefe ne, kuma a wane hali ta fi: a ajiye, a miƙe, ko ana aiki. Lamba ta isa: 0 babu, 1 sai an lura, 2 a bayyane take, 3 tana hana aiki. Ku ƙara abin da ya kewaye ranar, don sanyin hunturu da ɓacin rai da rashin barci duk suna ƙara ta, ba don cutar ta ci gaba ba.

Mataki na 4: Jinkirin motsi

Karkarwa ce ke jan ido, amma jinkirin motsi ne ginshiƙin cutar, kuma likita ba ya cewa Parkinson ce sai ya gan shi. Shi ne kuma mutanen gida suka fi yi wa mummunar fassara. A ce Goggo ta yi sanyi, ko Malam ya fara ƙyuya, ko ya daina fara'a da mutane, alhali umarnin da ƙwaƙwalwa ke aikawa ne yake isa a makare, kuma a ƙanƙance.

Gwajin da likitoci suke yi a asibiti za ku iya yin sa a gida. Ya buɗe babban yatsa da manuniya iyakar buɗewa, ya haɗa, ya sake buɗewa, da sauri, sau 10. Hannun dama daban, na hagu daban. Abin kallo ba saurin kaɗai ba ne. Ku duba ko buɗewar tana raguwa: na farko a wage, na biyar rabi, na goma da ƙyar yatsun ke rabuwa. Ku duba ko yana tsayawa a tsakiya kafin ya ci gaba. Wannan ƙanƙancewa ita ce alamar, kuma bidiyo ya fi ido kama ta. Haka za a yi da dunƙule hannu da buɗewa, da kifa tafin hannu da juyo shi a kan cinya, da ɗaga ƙafa a buga diddige a ƙasa daga zaune.

Sai rubutu. Ku keɓe shafi guda, kowane mako ya rubuta jimla ɗaya tak, ita ɗin dai, sau 3, da boko ko da ajami, duk wanda hannunsa ya saba. A sa kwanan wata. Rubutun mai Parkinson yakan fara daidai ya riƙa ƙanƙancewa kafin ƙarshen layi. Wanda ba ya rubutu ya yi zane mai nannaɗewa, daga tsakiya yana faɗaɗa zuwa waje. Bayan wata 3 shafin da kansa zai yi bayani.

A ganina, duk waɗannan ba su kai ayyukan yau da kullum ba. Ku zaɓi uku ko huɗu da mutumin yake yi da kansa ku riƙa sa musu ido: saka maɓallan kaftani, ɗaurin ɗankwali, gutsurar tuwo, murza asuwaki, ƙirga kuɗi ga ɗan kasuwa, tuƙin tuwo ga uwar gida. Salla kuwa babu kamarta, domin motsi ne iri ɗaya sau biyar a rana, wanda jiki ya haddace tun yarinta. Ba a mayar da ita gwaji, ana lura ne kawai. Yana riskar liman a ruku'u ko ana barin sa a baya? Tasowa daga sujada sai ya dafa bango? Wane wata ya koma salla a zaune? Wajen alwala, wace ƙafa ce take wahalar ɗagawa? Jimla irin "tun ƙaramar salla ba ya iya tashi daga tahiya sai an kama shi" ta fi wa likita amfani a kan shafi guda na "jiki ya matsa".

Sanƙarewa ba ku ne za ku auna ta ba, hannun likita take buƙata. Ku dai rubuta ƙorafinta: ciwon kafaɗa gefe ɗaya da ya ƙi jin man zafi, wahalar juyawa a kan gado, yatsun ƙafa da ke murɗewa da asuba. Fuska ma tana daskarewa, ƙiftawar ido ta ragu, murya ta yi ƙasa har a riƙa cewa "Na'am? Ku ɗan ɗaga murya." Ku ɗauki muryarsa sau ɗaya a wata yana ƙirga 1 zuwa 20, wayar tana nesa ɗaya kowane lokaci.

Mataki na 5: Tafiya da juyawa

Ku ajiye kujerar a jikin bango a wuri mai daɓe, ku auna mita 3 ku yi alama. Ya zauna ya jingina. Da kun ce "bismillah" ku kunna agogon waya: ya tashi, ya taka zuwa alamar da tafiyarsa ta kullum, ya juyo, ya dawo ya zauna. Ku rubuta sakan nawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar sakan 12 ko fiye a matsayin alamar haɗarin faɗuwa ga tsofaffi. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne lambarsa ta bana da ta bara. Wani ya tsaya kusa da shi, wani daban ya riƙe waya. A yi da takalmi mai kama ƙafa, ba silifas ba.

Babbar riga da hijabi suna ɓoye abu mafi saurin bayyana, wato hannun da ya daina lilo idan ana tafiya. A cire su a cikin ɗaki kafin a ɗauki bidiyo. Ku duba ko taku ya gajarce, ko ƙafa ɗaya tana jan ƙasa, ko ya fara ranƙwafawa, kuma taku nawa yake yi kafin ya gama juyawa. Idan ƙafa tana kafewa, ya so tafiya ta ƙi ɗaguwa, ku rubuta inda abin ke faruwa. Yawanci a dokin ƙofa ne, ko lungu mai matsi, ko lokacin da ake kiransa yana sauri.

Kowace faɗuwa a rubuta ta, har da wadda saura kaɗan: ina, ƙarfe nawa, yana me, gaba ya yi ko baya. Yawan faɗuwa tun a shekarar farko ba halin Parkinson ta yau da kullum ba ne, yana iya sa likita ya sake duba ko wata cuta ce mai kama da ita. Akwai gwajin da likita ke yi, ya tsaya a baya ya fizgo kafaɗun mara lafiya. Wannan kada ku gwada shi a gida. Kuma kada tsoron faɗuwa ya sa ku zaunar da mutum. Motsa jiki yana cikin magani. Tafiya masallaci ko zagayen unguwa da sanyin safiya a ci gaba da ita, a nemi likitocin fisiyo su tsara atisayen da ya dace, a kuma rubuta ranakun da aka yi.

Mataki na 6: Agogon magani

Babban maganin shi ne levodopa haɗe da carbidopa, wanda ake sayarwa da sunaye irin Sinemet. Ba ya warkar da cutar, yana cike gurbin dofamin ne, kuma yadda jiki ya karɓe shi yana taimaka wa likita ya tabbatar da abin da yake zato. Ku rubuta lokacin da aka sha da gaske, ba lokacin da aka ce a sha ba. A shekarun farko aikinsa yakan tafi sumul. Daga baya wasu sukan ga yana sakinsu kafin lokacin na gaba ya yi, wasu kuma in ya kai ganiyarsa jiki ya riƙa murɗe-murɗe da lanƙwasa ba da niyya ba. Wannan ba karkarwa ba ce, kuma in kun kira ta karkarwa likita zai iya ƙara maganin da ragewa ya kamata. Ku ɗauki bidiyo, ku rubuta minti nawa bayan shan magani.

Abinci yana shiga tsakani. Nama, wake, ƙwai da nono suna gogayya da levodopa wajen shiga jiki, a garin da ƙosai ke buɗe safiya, fura da kindirmo su riƙe rana. Ba a hana su ba. Yawanci ana ba da shawarar shan maganin minti 30 kafin abinci ko awa 1 bayansa, kuma a raba shi da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. In yana tayar da zuciya, ɗan biskit ko burodi ya isa. Wanda aka ba wani maganin cutar mai suna Artane, a lura da rikicewar tunani, bushewar baki da wahalar fitsari, musamman ga tsoho.

Ranar da magani ya ƙare ba a samu kuɗi ba, ko aka zagaye kyamis ba a same shi ba, a rubuta ba kunya. Likitan da bai san an yi mako ba magani ba zai ɗauka cutar ce ta tsananta. Yanke levodopa farat ɗaya yana da haɗari, saboda haka ku sayi na gaba tun da saura. Maganar azumi kuma tun Sha'aban ake yin ta da likita.

Mataki na 7: Abin da ba ya jira

Parkinson a hankali take tafiya. Duk abin da ya zo farat ɗaya wani abu ne daban. Baki ya karkace, ɓarin jiki ya saki, magana ta sarƙe cikin mintoci: wannan shanyewar ɓarin jiki ce, a tafi asibiti nan take. Haka zazzaɓi tare da sanƙarewa mai tsanani, ruɗewa ko gane-gane, ƙwarewa da abinci ko ruwa a kai a kai, da faɗuwar da aka bugu a kai. Idan jiki ya lalace cikin kwana biyu ko uku, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko taurin bayan gida, ko ƙarancin ruwa a zafin Maris da Afrilu.

A gefen shafi ku bar wuri ga abubuwan da ba motsi ba amma suna taɓa shi: kwana nawa ba bayan gida, ihu ko naushi a cikin barci, yawan shiru da janyewa daga mutane, jiri idan an miƙe. Masu na'urar awon jini su auna a kwance, su sake aunawa cikin minti 3 da miƙewa. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, a sanar da likita.

Mataki na 8: Ranar asibiti

Kwana 3 kafin ranar, ku bi wunin gaba ɗaya: daga asuba zuwa isha, kowace awa biyu a rubuta ko jiki a sake yake, ko ya yi nauyi, ko yana murɗe-murɗe, tare da lokutan magani da abinci. Daren tafiya ku taƙaita komai a shafi guda, domin likitan da layi ke jiransa ba zai karanta littafi ba: abin da ya canza tun zuwan baya, faɗuwa nawa, sakan nawa a gwajin kujera a farko da yanzu, ranakun da ba a sha magani ba, da tambayoyi uku da suka fi damun ku. Ku ware bidiyo biyu ko uku, tsoho da sabo, ku sa su inda ba sai an yi ta nema ba.

Mai riƙe littafin shi zai raka, da ledar magunguna, da ruwa da maganin rana don jira yana iya tsawo. Ku tambayi likita tun yanzu ko yana so a sha na safe kafin zuwa na gaba. A bar mara lafiya ya fara magana da bakinsa, ko da muryar ta yi ƙasa, sannan ɗan rakiya ya cike. In an canza magani, ku maimaita wa likita abin da kuka ji, nawa, sau nawa, ƙarfe nawa, ku rubuta kafin ku tashi. A gida ku ja layi a littafin, ku sa kwanan watan da aka fara sabon tsarin, gwajin Asabar mai zuwa ya hau ƙarƙashinsa.